Jinjina ta Hoto a Fim: Misalai daga Sudan da Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk fasahar da ta daɗe tana da magabata, kuma masu yin ta suna da hanyar ambaton waɗanda suka riga su. Makaɗin Hausa yakan ambaci wanda ya koya masa kiɗa, malamin zaure kuma yakan kawo sunan malaminsa idan ya zo kan mas'ala mai wuya. Shi kuwa mai shirya fim, da yake hoto ne harshensa, da hoto yake yin nasa ambaton. Yakan ɗauko wata fitowa, ko wata shiga, ko wani tsari na haske da inuwa daga tsohon fim da ya shahara, ya dasa cikin nasa, ta yadda wanda ya san tsohon zai gane. Wannan al'ada ita ce aka kira jinjina ta hoto a wannan takarda.

Takardar za ta bayyana ma'anar jinjina da abin da ya raba ta da wanki, ta kawo hanyoyi huɗu da ake bi wajen yin ta, sannan ta duba fina-finai biyu na Sudan ta mahangar Bahaushen da ke zaune a Gadarif, kafin ta waiwayi fina-finan Hausa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, jinjina ba ta cika sai da mai kallo da ya tuna, mai kallo kuwa ba ya tuna fim ɗin da bai taɓa samun damar gani ba.

2.0 Ma'anar Jinjina

A asalin ma'anarta, jinjina ita ce ɗaga hannu a dunƙule, ko ɗaga takobi ko mashi, domin gaisuwa da nuna biyayya, kamar yadda mahaya ke yi gaban sarki ranar hawan salla. Abu biyu ne suka sa kalmar ta dace a nan. Na farko, akwai wanda ake yi wa ita, kuma an san shi. Na biyu, a bainar jama'a ake yin ta. Babu mahayin da zai sukwano ya yi jinjina alhali yana fatan kada kowa ya gan shi.

Ya kamata ɗalibi ya bambanta kalmomi uku da sukan cakuɗe a bakin masu magana kan fim:

Kwaikwayo shi ne bin sawun wani domin koyo. Kowane mai fasaha da shi yake farawa.

Wanki kalma ce da ake ji tsakanin masu sana'ar fim na Kano, tana nufin ɗauko labarin wani fim, galibi na Indiya, a sauya masa suna da harshe da sutura a fitar da shi a matsayin sabo. Idan wani ɓangare kawai aka ɗauka, akan ce an yi ɗauraya. Mai wanki ya fi son kada a gano inda ya ɗauko.

Jinjina kuwa aro ce da ake yi a fili. Mai yin ta yana so a gane tushen, domin sai an gane ma'anar da yake nufi za ta fito.

Rubutacciyar waƙar Hausa tana da abin da ya yi kama da wannan, wato tahamisi, inda mawaƙi kan ɗauki baitin wani mai ɗango biyu ya ƙara masa uku a sama ya zama mai biyar. Ɗangogin asali suna nan yadda suke, kowa yana ganin su, sai dai sun sami sabon muhalli. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Babu wanda ya ce Isa ya saci waƙar mahaifinsa. Haka jinjina take a fim.

3.0 Hanyoyin Yin Jinjina

3.1 Maimaita Fitowa

Wannan ita ce hanyar da aka fi sani. A fim ɗin Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, wanda aka yi a Tarayyar Sobiyat a 1925, sojoji suna saukowa daga dogon matakalar birnin Odesa suna harbin jama'a. An harbi wata uwa, sai keken jaririnta ya gangaro matakalar shi kaɗai. Eisenstein ya yayyanka hoton gutsi-gutsi: ƙafafun sojoji, fuskar mai kuka, tayar keke, har mai kallo ya ji kamar lokaci ya tsaya. Bayan shekara 62, Brian De Palma ya sake gina wannan fitowa a The Untouchables (1987), a matakalar tashar jirgin ƙasa ta Chicago, inda 'yan sanda da 'yan daba ke musayar wuta, keken jariri yana gangarowa a tsakaninsu. De Palma ya sanya wasu sojojin ruwa cikin mutanen da ke hawa matakalar, alhali labarin bai buƙace su ba. Alama ce ya bari domin mai lura, da yake fim ɗin Eisenstein kan tawayen sojojin ruwa ne.

Haka kuma Martin Scorsese ya rufe Goodfellas (1990) da ɗan wasa Joe Pesci yana fuskantar kyamara yana harbi, kamar yadda wani ɗan fashi ya yi a The Great Train Robbery na 1903. Da wannan hoto guda Scorsese ya nuna cewa labarin 'yan ta'adda da bindiga ya tsufa daidai da tsufan fim kansa a Amurka.

3.2 Sutura da Kayan Aiki

Wani lokaci shiga kaɗai ta wadatar. Rigar nan ruwan ƙwai mai baƙin layi a gefe da Uma Thurman ta sa a Kill Bill (2003) na Quentin Tarantino, irin wadda Bruce Lee ya sa ce a Game of Death, wanda ya fito a 1978 bayan rasuwarsa. Duk wanda ya yi zamanin kallon fina-finan Chanis a Kano ko Khartum ba ya buƙatar bayani. A Indiya, Raj Kapoor ya ɗauki hula da ɗangalallen wando da tafiyar Charlie Chaplin ya sa wa talakan da ya shigo Bombay neman abinci a Shree 420 (1955). A Nijar kuma, mawaƙi Mdou Moctar ya hau babur mai launin shanshanbale yana zaga Agadas da jita a baya, a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai (2015), wanda aka yi da harshen Buzaye domin jinjina ga Purple Rain na mawaƙi Prince (1984).

3.3 Saka Tsohon Fim Cikin Sabo

A nan darakta yakan sa mutanen cikin labarinsa su zauna suna kallon tsohon fim, mai kallo kuma yana kallo tare da su. Mati Diop ta yi haka a Mille Soleils (2013), inda ta bi Magaye Niang, jarumin Touki Bouki (1973), zuwa wani fili a Dakar da ake nuna fim ɗin bayan shekara 40, tsoho yana kallon ƙuruciyarsa a bango. Wanda ya shirya Touki Bouki, Djibril Diop Mambéty, baffanta ne. Jinjinar ta haɗa sana'a da zumunta.

3.4 Aron Salo

Akan ɗauki kamannin wani zamani ko wani rukunin fim gaba ɗaya. The Artist (2011) fim ne na Faransa da aka yi baƙi da fari, kusan babu magana, kamar na shekarun 1920. Moustapha Alassane na Nijar ya ari salon fina-finan kaboyi a Le Retour d'un aventurier (1966): wani saurayi ya komo daga Amurka da malafuna da takalma da bindigogi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Aron a nan ya zo da zolaya, yana tambayar abin da fina-finan ƙetare ke yi wa tunanin matasa.

Inda aro ya wuce iyaka kuma ba a nemi izini ba, magana takan kai ga shari'a. Sergio Leone na Italiya ya bi Yojimbo na Akira Kurosawa (1961) kusan fitowa bayan fitowa a A Fistful of Dollars (1964). Kamfanin Toho na Japan ya kai ƙara, aka sasanta da biyan diyya. Wato wanki bai taƙaita ga Kano ba.

4.0 Jinjina a Fina-finan Sudan

4.1 Mai Kallo a Gadarif

Gadarif babban birni ne a gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Khartum, hedikwatar jihar da ta yi iyaka da Habasha. An san yankin da noman dawa da riɗi, musamman tun da aka fara noma da injuna a shekarun 1940. Hausawa sun daɗe a can. Wasu alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu. Aikin gona ya jawo wasu daga baya. Mutanen ƙasar kan haɗa su da Fulani da Barebari su kira su Fallata.

Bahaushen Gadarif yana jin Hausa da Larabcin Sudan, saboda haka yana tsaye a mahaɗar hanyoyin fim uku: na Masar, waɗanda suka daɗe suna shiga Sudan ba tare da buƙatar fassara ba, na Indiya, waɗanda Sudan ta so kamar yadda Arewacin Nijeriya ta so su, da na Hausa daga Kano, waɗanda a da kaset da faifai ke kai su, yanzu kuma tauraron ɗan'adam da YouTube. Wannan ya sa ya zama ma'auni mai kyau na gwada abin da aka faɗa a sama, wato kowace jinjina tana da mai kallon da take nema.

4.2 Taƙaitaccen Tarihi

Gadalla Gubara (1920 zuwa 2008) shi ake ɗauka a matsayin uban fim a Sudan. Ya ɗauki hotunan Khartum a shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai na 1956, ya gina ɗakin shirya fim nasa mai suna Studio Gad, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya fitar da Tajouj, tsohon labarin soyayya na mutanen gabashin Sudan. Bayansa aka sami samarin da suka yi karatun fim a ƙetare: Ibrahim Shaddad a Babelsberg ta Jamus ta Gabas, Suleiman Ibrahim a Mosko, Eltayeb Mahdi da Manar Al Hilo a Alƙahira.

Shaddad ya fara aro tun yana ɗalibi. Fim ɗinsa na kammala karatu, Jagdpartie (1964), ya ɗauke shi ne a wani daji na Jamus da salon kaboyi, sai dai abin da ake farauta baƙar fata ne. A Jamal (1981) kuwa, ya nuna raƙumi an rufe masa ido yana zagaya turmin matsar man riɗi cikin ɗaki mai duhu. Mutumin ƙasar riɗi ya san wannan raƙumi, ya kuma san abin da ake nufi idan an kwatanta rayuwar leburan gona da tasa.

Waɗannan mutane sun kafa Ƙungiyar Fim ta Sudan a watan Afrilu na 1989. Ranar 30 ga Yuni na shekarar Umar al-Bashir ya yi juyin mulki, aka rufe ƙungiyar, gidajen sinima suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shaddad ya yi gudun hijira zuwa Masar da Kanada. Sai a 2005 ƙungiyar ta sake samun rajista. A 2008 hukuma ta rushe Studio Gad, a shekarar kuma Gubara ya rasu, bayan ya daɗe da makancewa.

4.3 Talking About Trees (2019)

Suhaib Gasmelbari ya bi waɗannan dattawa huɗu da kyamara, suna zaga ƙauyuka da ƙaramar mota suna nuna fim kyauta a fili, ciki har da Modern Times na Chaplin (1936), suna kuma ƙoƙarin farfaɗo da wani tsohon gidan sinima marar rufi a Omdurman mai suna Sinimar Juyin-juya-hali.

Tun a farkon fim ɗin aka ɗauke wuta. Maimakon su zauna jiran ta dawo, sai Shaddad ya yafa mayafi, sauran suka haska shi da tocila, ɗaya ya yi kamar yana riƙe da kyamara, suka sake yin fitowar ƙarshe ta Sunset Boulevard na Billy Wilder (1950). A asalin fim ɗin, Gloria Swanson ce ta fito a matsayin Norma Desmond, tauraruwar zamanin fim marar magana wadda duniya ta manta da ita. Hankalinta ya gushe, tana saukowa daga bene cikin taƙama, tana zaton masu ɗaukar hoton labarai da suka zo ganin an kama ta sun zo ne domin sabon fim ɗinta.

Mai kallon da bai san Sunset Boulevard ba zai ga tsofaffi huɗu suna wasa cikin duhu, ya yi dariya, kuma bai yi asara duka ba. Wanda ya san shi zai ga ƙarin abu: dattawan suna zolayar kansu ne, suna cewa su ma taurari ne da aka manta, ga gwaninta amma babu wuta, babu kyamara, babu masu kallo. Akwai kuma bambanci mai muhimmanci. Norma Desmond sauyin fasaha ne ya bar ta a baya, su kuwa hukuma ce ta kashe musu sana'a. Fim ɗin bai faɗi wannan da baki ba, jinjinar ce ta faɗa.

Har ila yau, shi kansa Sunset Boulevard cike yake da jinjina. Tsohon fim ɗin da Norma ke kallo a gidanta gutsure ne daga Queen Kelly, wanda Swanson ta yi da gaske a ƙarshen shekarun 1920, kuma daraktansa Erich von Stroheim shi ne ya fito a matsayin baranta. Fim ɗin da dattawan suka shirya buɗe sinimar da shi, Django Unchained (2012), shi ma jinjina ce ga Django na Italiya (1966), har tsohon jarumin, Franco Nero, ya leƙo a ciki. Jami'an tsaro sun yi ta jan su da neman takardu, ba a ba da izini ba, ba a buɗe sinimar ba. Fim ɗin Gasmelbari ya ci kyautar fim na gaskiya a bikin fina-finai na Barlin a watan Fabrairu na 2019, wata biyu kafin faɗuwar gwamnatin al-Bashir.

4.4 You Will Die at Twenty (2019)

Amjad Abu Alala ya gina wannan fim a kan wani gajeren labari na Hammour Ziada, ya ɗauke shi a yankin Jazira, maƙwabciyar jihar Gadarif ta yamma. An kai jariri Muzamil wurin shehi domin neman albarka, sai wani darwishi da ke ƙirga cikin zikiri ya faɗi sumamme da ya kai ashirin. Daga nan kowa ya ɗauka yaron ba zai wuce shekara 20 ba. Ya tashi a killace, uwarsa tana zana kwanakinsa a bango.

Wanda ya buɗe masa ido shi ne Suleiman, wani dattijo da ya yawata duniya da kyamara ya komo ƙauye da majigi da tsofaffin fina-finai. A ɗakinsa Muzamil ya ga Hind Rostom a Bab al-Hadid na Youssef Chahine (1958), ya kuma ga hotunan Khartum na Gadalla Gubara. Wannan ita ce hanya ta uku da aka bayyana a sama, kuma aiki biyu take yi. A cikin labari, yaron da aka ce masa kabari ne gabansa ya ga akwai wata duniya. A wajen labari, Abu Alala ya nuna wa matasan Sudan, waɗanda suka tashi babu sinima, cewa ƙasarsu ta taɓa yin fim, babban birninsu kuma ya taɓa kasancewa da wata kama. Fim ɗin ya ci kyautar fim na farko a bikin Venice na 2019, kuma shi ne na farko da Sudan ta aika gasar Oscar.

A nan Bahaushen Gadarif ya fi ɗan'uwansa na Kano dama, domin ya fi kusa da sanin Hind Rostom, kuma zikirin darwishai da jajayen riguna da koraye ba baƙon abu ba ne a wurinsa. A Sunset Boulevard kuwa mai yiwuwa su biyun su tashi daidai.

5.0 Waiwaye ga Fina-finan Hausa

An buɗe gidan sinima na Rex a Kano a 1937, daga baya 'yan kasuwa Kwarori suka riƙa shigo da fina-finan Indiya, tashoshin talbijin kuma suka kai su cikin gidaje. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi bayani mai yawa kan dalilin karɓuwarsu: auren dole, kishi, biyayya ga iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka shiga zamanin bidiyo, matasan da suka shigo sana'ar Indiya ce makarantarsu. Daga can aka samo rawa da waƙa tsakanin furanni, da sauya kaya sau da yawa cikin waƙa guda, da kyamarar da ke zuƙo fuska idan an ji mummunan labari.

Shin wannan jinjina ce ko wanki? Ma'aunin da aka kafa a sashe na 2.0 shi zai raba. Idan an ɗauko labari sukutum, aka ɓoye tushensa, aka rubuta sunan wani a matsayin mai ƙirƙira, wanki ne. Idan an ɗauko hoto sananne domin mai kallo ya gane ya kuma ga abin da aka sauya, jinjina ce. Yana da kyau a tuna cewa su ma Indiyawa aro suka yi. A Sholay (1975), fitowar da Gabbar Singh ya kashe iyalin Thakur, ya ɗora bindiga kan ƙaramin yaro, sai hoto ya yanke zuwa jirgin ƙasa, ta bi tsarin wata fitowa a Once Upon a Time in the West na Sergio Leone (1968), wanda shi ma an ga inda ya ɗauko nasa. Abin da ya ɗaga Sholay shi ne abin da ya ƙara na ƙasarsa. Abubakar Imam ma haka ya yi a Magana Jari Ce, inda ya ɗauko labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya mayar da su Hausawa har ba a jin baƙuncinsu.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: me ya sa ba kasafai fim ɗin Hausa ke jinjina wa tsohon fim ɗin Hausa ba? Akan sake shirya wanda ya yi kasuwa, kamar yadda Ali Nuhu ya sake yin Mujadala a 2018, amma ɗauko hoto daga magabata domin a yi magana da shi bai zama al'ada ba. Babban dalili shi ne ba a ganin magabatan.

6.0 Matsalar Adanawa

Adamu Halilu ya shirya Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shehun. Shekaru da dama ana jin sunan fim ɗin ba a ganin sa, har aka ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Barlin ta gyara shi, aka nuna shi a bikin Barlin na 2018. Wannan cibiya ita ce kuma ta mayar da fina-finan Gadalla Gubara zuwa na'ura, ta gyara na Ƙungiyar Fim ta Sudan, aka nuna su a 2019. Ma'ana, tsofaffin fina-finan Hausa da na Sudan a asibiti ɗaya aka yi jinyarsu, kuma a wata nahiya. Darakta da ya girma a Kano a shekarun 1990 yana iya kallon Sholay sau goma, amma da wuya ya sami Shehu Umar ko sau ɗaya. Ta yaya zai jinjina masa?

Fina-finan bidiyo na farko ma suna cikin haɗari, domin kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, kuma na'urar kunna shi ta yi wuya. A Sudan lamarin ya fi tsanani. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya rutsa da ginin rediyo da talbijin na Omdurman, inda ma'ajiyar hotunan ƙasar take. Sai a watan Maris na 2024 soja suka karɓe shi. Gadarif ta cika da waɗanda suka gudo daga Khartum da Jazira. A irin wannan hali, 'yan daƙiƙoƙin Khartum na Gubara da Abu Alala ya saka cikin fim ɗinsa sun tashi daga matsayin ado, sun zama ajiya, domin mutane da yawa ta nan kaɗai za su taɓa ganin su.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana jinjina ta hoto a matsayin aron da ake yi a fili domin a gane tushe, ta bambanta ta da kwaikwayo da wanki, ta kuma kawo hanyoyinta huɗu: maimaita fitowa, sutura da kayan aiki, saka tsohon fim cikin sabo, da aron salo. Misalan Sudan sun nuna cewa jinjina tana iya faɗin abin da baki ba zai iya faɗa ba a ƙarƙashin mulkin danniya, tana kuma iya raya fim ɗin da ke gab da ɓacewa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, to amma sai an adana zumar. Aikin da ke gaban sassan koyar da Hausa shi ne tattara tsofaffin fina-finai da nuna su a aji kamar yadda ake karanta Ruwan Bagaja da Gandoki, domin a sami masu shiryawa da masu kallo da suka san waɗanda suka riga su.

Tambayoyin Nazari

1. Kawo ma'anar jinjina ta asali da ta aro, ka nuna abin da ya haɗa su.
2. Ta wace fuska tahamisi ya yi kama da jinjina ta hoto, ta wace fuska kuma suka saɓa?
3. Zaɓi fim ɗin Hausa guda da ka san ya yi aro daga wani fim. Bayyana abin da aka ɗauka da abin da aka sauya, sannan ka yanke hukunci ko wanki ne ko jinjina, tare da hujja.